Van Gogh, Kawuna da Ƙyauren Akurki

 

A wani daren Asabar cikin hunturun da ya wuce, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum ya fara tunanin taimama alhali ga ruwa a buta, ɗana na biyu ya shigo falo da kwamfutarsa a hammata. Yana karatu ne a makarantar koyon aikin fim ta ƙasa da ke nan garin, karatun da ni tun farko ban so ba, uwarsa ce ta fi ƙarfina. Ya ce, "Baba, an ba mu aiki a makaranta, sai mun kalli finafinan da aka yi a kan rayuwar masu zane. Ko za ka taya ni?" Na ce masa ni da rabona da kallo tun zamanin su Dharmendra, me zan gane? To amma an ɗauke wuta, babu labarai, batirin kwamfutar kuma a cike yake, sai na jawo bargo na zauna.

Fim ɗin da muka fara da shi sunansa Lust for Life, na shekarar 1956, inda Kirk Douglas ya fito a matsayin Vincent van Gogh, mutumin Holan ɗin nan da aka haifa a 1853. Bai kama zane da gaske ba sai da ya kai shekara 27, ya rasu a Faransa a 1890 yana da 37, amma a cikin wannan ɗan tsakani ya bar zanen fentin mai kusan 860. Ƙaninsa Theo ne ke ciyar da shi, shi ke saya masa fenti da buroshi. A watan Disamba na 1888, a wani gari da ake kira Arles, bayan sun yi rigima da abokinsa Gauguin, ya sa aska ya yanke kunnensa. Wannan wurin kam na ce wa yaro ya dakatar, na yi a'uziyya, sannan muka ci gaba.

Cikin mako biyu mun kalli wajen biyar. Akwai Frida na 2002, labarin Frida Kahlo 'yar Meziko da motar haya ta yi hatsari da ita a 1925, ta koyi zane tana kwance a gado. Akwai Pollock na 2000, shi wannan rabin fim ɗin maye ne da fashe-fashen kwanuka. Akwai Mr. Turner na 2014, wanda ya fi kwanta min a rai don an nuna mutum yana aiki, yana haɗa launi, yana ciniki da masu saye kamar kowane mai sana'a. Sai na Indiya, Rang Rasiya, a kan Raja Ravi Varma, wanda ya kafa maɗaba'a a Bombay a 1894 domin talaka ma ya iya sayen zanensa ya rataya a ɗaki. Abin da na lura da shi shi ne, masu shirya irin waɗannan finafinai sun fi son mai zane ya kasance da taɓin hankali, ko mashayi, ko mai neman mata. In lafiyarsa ƙalau, sai ka ga kamar ba su san yadda za su yi da shi ba.

Ranar da muka gama na ƙarshe, yaron ya rufe kwamfuta ya ce, "Baba, mu nan ba mu da masu zane ne? Malaminmu ya ce kowa ya yi ɗan gajeren fim na gaskiya a kan wani mai zane, ni kuma ban san kowa ba."

Wallahi sai na ji kunya ta kama ni, domin a gidan mai zane na tashi, kuma ban taɓa zaunar da yaron nan na ba shi labari ba.

Kawuna, wan mahaifiyata, a Gangare aka haife shi. Mahaifinsu daga ƙasar Kano ya zo haƙar kuza, ya yi Bukuru, ya yi Barikin Ladi, daga baya ya zauna a cikin gari yana sayar da goro. Kawu bai yi boko mai nisa ba. Yana yaro aka kai shi wurin wani Inyamiri mai rubuta alluna, ya yi shekaru yana wanke masa buroshi da kananzir kafin a bar shi ya ja layi ɗaya. Da abin da ya faru a 1966 ya faru, maigidan nasa ya kwashi iyalinsa ya nufi tashar jirgin ƙasa, ya miƙa wa Kawu makullin shago ya ce ya riƙe masa sai ya dawo. Bai dawo ba, ko wasiƙa ba a samu ba. Kawu ba ya son wannan zancen, in aka ɗauko shi sai ya tashi ya ce zai yi alwala.

Ni da na yi wayo, na same shi shi ne mai fentin da direbobin gingimari ke bin layi a wurinsa. Waɗanda suka san Jos ta wancan lokaci sun san yadda ake yi: kafinta ya gama haɗa bodin katako, a turo mota, Kawu ya zagaya ta sau biyu hannu a baya bai ce komai ba, sannan ya ɗauki alli ya fara zayyana. A ƙyauren baya ake yin babban zane. Wani ya ce zaki yake so ya danne barewa, wani ya ce mikiya, wani ɗawisu, wanda ya sauke farali ya ce a yi masa jirgin sama da koren kubbar masallacin Madina. A goshin mota kuma a rubuta addu'a ko habaici, gwargwadon abin da ke cikin mai mota. Har yau ina jin warin fentin nan haɗe da na kananzir, ina kuma ganin gwangwanayen madara da yake dama launi a ciki, jere a kan benci. Ba ya sayen kore. Ya ce wanda ya sayi kore asarar kuɗi ya yi, tunda ga shuɗi ga rawaya.

Bayan motoci, shi ke yi wa wanzaman zamani allon nan mai kawuna jere, kowane da irin askinsa, da masu shayi, da masu kemis, da masu ɗinki. Amma aikin da ya fi burge mu muna yara shi ne na sinima. A lokacin Jos tana da su Rex da Kwararafa da New Era, kuma Kawu yana yi wa ɗaya daga ciki allon talla. Za a kawo masa ɗan ƙaramin hoton fim, ya kafa shi a gefe da ƙusa, ya zana Amitabh Bachchan da tsayinsa ya fi na mutum, da fentin ruwa, cikin abin da bai wuce awa biyu ba. A jingine allon a bakin titi jama'a su taru. Bayan kwana biyu ko uku in an canza fim, shi da kansa zai ɗebo ruwa a bokiti ya wanke Amitabh tas, ya ɗora wani a kai. Na taɓa yin kuka a kan haka. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, an biya ni na jiya, na gobe nake nema."

Bai taɓa rubuta sunansa a jikin aikinsa ba. Da na girma na shiga sakandare na fara jin kaina, na ce, "Kawu, Turawa fa suna sa hannu a ƙasan zanensu." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Telan da ya ɗinka maka rigar nan, ina ya rubuta sunansa?"

Kawu ba shi da taɓin hankali, ba ya shan ko taba, matarsa ɗaya, 'ya'ya bakwai, sahun farko a masallaci. Idan da abin da za a kira rikici a rayuwarsa, to a cikin zuciyarsa ya yi shi. Wajen tsakiyar shekarun 1980 ya saurari wa'azi a kan hukuncin zana abu mai rai, ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai, daga nan ya daina zana fuskar mutum gaba ɗaya, ya bar aikin sinima duk da shi ne mai tsoka. Ya koma furanni da dagi da duwatsu da rubutu. Direbobi suka yi ta magiya a kan zaki, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ce a je wurin yaransa. Ni ba malami ba ne, ba zan ce ya yi daidai ko kuskure ba. Na dai ga mutum ya ajiye abin da ya fi iyawa a duniya saboda tsoron Allah, bai kuma taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. A ganina wannan ya fi yanke kunne nauyi, sai dai ban san yadda kyamara za ta ɗauke shi ba.

Abu ɗaya ya ajiye. Duk motar da ya gama, in aikin ya yi masa, yakan kira mai hoto ya ɗauka, ya manna a wani babban albam. Da garin ya rikice a ranar 7 ga Satumba, 2001, ya ga shagonsa na bakin hanya ba shi da tsaro, sai ya kai albam ɗin da 'yan takardunsa ajiya shagon wani amininsa a cikin babbar kasuwar Terminus, don ginin siminti ne mai ƙofar ƙarfe. A watan Fabrairu na 2002 kasuwar ta ƙone. A lokacin kuma masu buga bana da kwamfuta sun fara ƙwace sana'ar. Ya rasu a 2006, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Da na gama ba yaron labari ya ce, "To Baba, me za mu nuna? Fim ai hoto ne." Ni ma sai na yi shiru.

Wannan tambaya ce ta sa na koma na bincika yadda aka yi har Van Gogh ya samu fim, mutumin da bai sayar da abin kirki ba yana raye. Ashe wata mata ce. Theo bai daɗe ba bayan wansa, wata shida ya bi shi, a Janairun 1891. Ya bar matarsa Johanna, 'yar shekara 28, da jariri, da ɗaki cike da zane-zanen da ba mai so, da kuma tulin wasiƙu. Wasiƙun Vincent da suka tsira sun haura 800, kusan 650 daga ciki Theo ya rubuta wa. Matar nan ba ta zubar ba, ba ta hura wuta da su ba. Ta yi shekaru tana jera su bisa kwanan wata, tana kai zane-zanen wuraren nuni, tana sayar da kaɗan tana riƙe mafi yawa, har ta buga wasiƙun a littafi a 1914. Daga waɗannan wasiƙu Irving Stone ya rubuta littafin labari a 1934, daga littafin aka yi fim a 1956, ɗanta kuma ya tsaya har aka buɗe gidan adana aikin Van Gogh a Amsterdam a 1973. Wato Kirk Douglas da muka kalla muna lulluɓe da bargo, a kan haƙurin matar ƙani yake tsaye, kuma a fim ɗin da ƙyar ka lura da ita.

Ku duba namu na nan Arewa waɗanda sunansu ya tsira, za ku ga kowane da wanda ya riƙe masa. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20, Bagwariya mai ginin tukwane tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikinsu, ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, kuma a can ana buga hatimin haruffan sunan magini a gindin tukunya. Babban Gwani Muhammadu Durugu, masallacin Juma'a na Zariya ne ya riƙe sunansa, kuma ga kwafin ginin nan a bayan gidan tarihi na Jos, a wurin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski mutumin Polan ya assasa. Musa Yola mai zanen bango, David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ne ya bi aikinsa ya yi rubutu a kai. Uche Okeke kuwa, wanda ya tashi a Kafanchan, ya nuna zanensa a gidan tarihin Jos a 1956 kafin ya je Zariya su kafa ƙungiyar masu zane a 1958, shi da kansa ya tara takardunsa bai jira kowa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, hukumar fim ta ƙasa da aka kafa a 1979 a nan Jos take, makarantar fim a nan take, gidan tarihi tun 1952 a nan yake, mu kuma Jasawa bakinmu ba ya gajiya da cewa kakanninmu sun fi shekara ɗari a garin nan. Amma in aka ce kawo abin da hannun kakan naka ya yi, sai a fara 'yan kame-kame. Da ni a ciki.

Washegari na ɗauki yaron muka tafi wurin Inna, matar Kawu, wadda yanzu ta tsufa ƙwarai amma bakin nan nata yana nan. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ko akwai wani abu na aikin Kawu da ya rage a gidan nan?" Ta ce, "Yau kuma? Shekara nawa da mutuwar mutum sai yau aka tuna yana da aiki?" Ta nuna bayan ɗaki da sandarta. Ƙyauren akurkin kajinta, wani allon katako ne da ruwa ya ci gefensa, da muka goge shi da tsumma sai ga rabin ɗawisu, wutsiyar a baje, shuɗin nan nasa har yanzu da sauran rai. Na ce zan ɗauka. Ta ce sai na kawo kafinta ya yi mata sabo tukuna, don ba za ta bar wa muzuru kajinta saboda ɗawisu ba.

Muna shirin tafiya ta ce, "Ai da bangon otal ɗin nan kuka je, in bai rushe ba." Ashe a shekarun 1970 wani Kirista mai ɗan otal ya ɗauki Kawu ya zane masa bangon zaure guda, ya yi wata ɗaya yana zuwa. Da ta faɗi unguwar sai gabana ya faɗi. Unguwa ce da na yi ƙwallo a cikinta ina yaro, amma tun rikicin Nuwamban 2008 ban sake taka ta ba, kuma ba sai na yi wa mutumin Jos bayanin dalili ba. Daga gidana zuwa can bai kai tafiyar minti goma sha biyar a Keke ba.

Na kwana uku ina juya abin. Daga ƙarshe na nemo lambar wani abokina Birom da muka yi firamare tare, wanda rabona da shi sai a wurin jana'iza ko layin banki. Na yi masa bayani ina ta kewaye-kewaye. Ya ce, "Malam, ka cika surutu, gobe ƙarfe goma zan zo da mota in ɗauke ku." Uwargida ba ta so ba, ta ce in dai sai na je, to in cire hula. Ban cire ba, amma ba zan ɓoye muku ba, a mota na yi ta taɓa ta.

Otal ɗin ya daina aiki tuni, an mai da ɗakunan na haya. Mai shi ya rasu, sai matarsa, wata tsohuwa da muka samu tana tsince acca a faranti. Da abokina ya gaya mata abin da ya kawo mu, ta ajiye farantin ta dube ni ta ce, "Kai ɗan wa ne a wurinsa?" Na ce ɗan ƙanwarsa. Sai ta kira sunan Kawu, cikakke, har da laƙabin da 'yan gida kaɗai ke kiransa da shi. Ta ce, "Ɗana, ai a can bayan kicin yake sallarsa. Baban yara ne ya sayo masa buta, ya ce kada wanda ya taɓa ta." Ni dai ban iya cewa komai ba, yaron ne ya tuna ya kunna kyamara.

Zauren yanzu shagon caji ne da sayar da katin waya, kuma an shafe rabin bangon da fentin tallar wani kamfani. Rabin da ya rage ya dushe, ga tsagewa daga sama har ƙasa, amma ana gani. Duwatsun Filato ne irin masu hawa kan juna, da kururrumin haƙar kuza cike da ruwa, da jirgin ƙasa yana hayaƙi, da mata ɗauke da kaya a kafaɗa, da Bafulatani da sanda a wuya yana bin shanu uku. A gefe ɗaya ga wani mai babbar riga yana miƙa wa wani goro. Fuskokin duk suna nan, domin kafin ya daina ne. Na tsaya ina kallo, ina gane yadda yake karkata hanci, yadda yake sa ɗigon fari a ido.

Yaron ne ya durƙusa yana haska ƙasan bangon da fitilar waya, ya ce, "Baba, zo ka ga, akwai rubutu." Na ɗauka sunan Kawu zan gani, har zuciyata ta buga. An rubuta 1977 da ƙananan haruffa, a gefensa kuma sunan shagon maigidansa Inyamiri, shekara goma sha ɗaya bayan mutumin ya ba shi makulli ya tafi.

Tsohuwar ta ce 'ya'yanta na maganar rushe zauren su yi shaguna in damina ta wuce, mu ɗauki abin da za mu ɗauka. Mun koma sau biyu. Yaron ya haɗa fim na minti goma sha ɗaya: bangon, da tsohuwar tana magana, da wasu tsofaffin direbobi biyu da muka samo a tasha suna gardama a kan wanda zakinsa ya fi kyau, da ƙyauren akurki, wanda yanzu yake jingine a falona uwargida na ta mitar wari.

Da aka gama muka kai wa Inna ta gani a waya. Ta karɓa ta kawo kusa da ido, ta daɗe tana kallon bangon ba ta ce uffan ba, har na fara tunanin ko kuka za ta yi. Can sai ta sa yatsa a kan gilashin ta ce, "Ka ga saniyar nan ta tsakiya? Bai iya ƙafar saniya ba, na sha gaya masa." Sannan ta ce a mayar mata daga farko.